Saƙon Cikin Gida Da Ya Bi Ta Zauro

Assalamu alaikum Anti Hamida. Don Allah ki agaza mini. Ni ne wanda ake kira idan saƙon mutane ya maƙale, yau ga nawa ya maƙale, na rasa wanda zan kira.

Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa mai ofis a Birnin Kebbi da masana'anta a Argungu. Ni ke kula da saba, wato na'urar da duk imel ɗin kamfani yake bi ta cikinta. Ba yabon kai ba, na iya aikina. Lokacin da na zo, duk abin da muka tura wa dillalanmu na Legas da Anaca kwandon shara yake faɗawa, domin can ba su san sabarmu ba, balle su yarda da ita. Sai na saita ta yadda kowane saƙo mai fita zai fara bi ta wata babbar saba da kowa ya sani, ita ta tsaya masa ta miƙa shi. Tun daga ranar ba a sake kuka ba. Wannan ya ƙara tabbatar mini da abin da aka rene mu a kai, cewa magana mai nauyi babba ake samu ya kai ta.

Haka nake tafiyar da gidana. Ina da nauyin baki. Idan ina da magana da matata Ni'imatullahi, sai in hau babur in tafi Zauro wurin Yaya Laure, wadda ta rene ni, in faɗa mata, ita kuma ta kira ta a waya. Ko gishiri ne ya yi yawa a miya haka muke yi, kuma ba mu taɓa faɗa ba. Idan na dawo gida Ni'ima takan dube ni ta yi murmushi, na kuwa san na gamsuwa ne.

To kwanakin baya ta samu aikin jinya a Argungu, garinsu. Tana kwana gidan iyayenta, ta dawo ƙarshen mako. Wallahi na yi mata murna. Sai dai gidan ya yi mini girma, ko ƙarar fanka sai in ji ta dame ni. Na je Zauro na ce Yaya ta gaya mata ina kewarta, kuma in da hali nan gaba a duba ko za a yi mata canji zuwa Birnin Kebbi. Yaya ta ga maganar ta fi ƙarfin waya, ta kai wa gwaggon Ni'ima. Gwaggo ta kai wa mahaifin Ni'ima. Abin da ya isa kunnen matata shi ne wai na ce ta zaɓa, ko aiki ko aure.

Tun daga nan ba ta dawo ba. Na tura Yaya ta gyara, amsa ta biyo ta gwaggo cewa an ji. Na sake turawa. Yanzu maganar sai kai da komowa take tsakanin Zauro da Argungu, kowa na ƙara mata yaji, har an fara zancen kwasar kayan ɗaki.

Abin ya tuna mini da wata matsala da na gyara a ofis. Wani ya taɓa saitin saba, sai saƙon manajan masana'anta zuwa ga akawun da ke zaune kusa da shi ya riƙa fita zuwa Birnin Kebbi, ya dawo Argungu, ya sake fita, har ya mutu a hanya. Na sha dariya, nan take na gaya wa saba cewa saƙon cikin gida a gida ake sauke shi. Na kawo wannan ne don ki san ba da sakarai kike magana ba.

Yanzu wa ya fi dacewa in tura, limamin unguwarmu ko maigidana na ofis? Ina son matata, Anti. Ban taɓa faɗa mata ba, amma Yaya ta sani.

Mai Saita Hanya, Badariya, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Na yi dariya da wasiƙarka, sannan na ji tausayin Ni'imatullahi. Murmushin nan nata ba na gamsuwa ba ne.

Ban san saba ba sai yau da ka koya mini, kuma ka koyar da kyau. Ka ce ana bi ta babba ne idan wanda za a aika wa bai san ka ba. Dillalin Anaca baƙo ne. Matar da ta san kalar minsharinka ba baƙuwa ba ce.

Ba na raina al'adar tura manya, tana da wurinta, kamar neman aure da sulhun da ya gagari ma'aurata. Ban kuma zargi Yaya Laure ba, ita ta ɗauka taimako take yi. Ni'ima ma ya kamata a ce ta kira ka ta ji daga bakinka. Amma kai ka saba mata da cewa duk maganarka ta Zauro take zuwa, to don me za ta yi shakkar wannan?

Ka bar liman ya yi limancinsa, maigidanka ya ji da shinkafarsa. Ka je ka yi wa Yaya godiya, ka roƙe ta ta huta. Daga nan ka wuce Argungu da ƙafarka, ka durƙusa gaban surukinka ka gaya masa ba ka taɓa cewa ta zaɓa ba. Sannan ka nemi ganin matarka, ku biyu kawai. Kada ka ta da zancen canjin aiki. Ka gaya mata gidan ya yi maka girma, ka gaya mata abin da Yaya ta sani ita ba ta sani ba. Ko bakinka na rawa ka faɗa, ma'aikaciyar jinya ce, ta saba ganin masu rawar jiki.

Ka riga ka gyara wannan matsala sau ɗaya, har kana yi wa wani dariya. Saƙon cikin gida a gida ake sauke shi.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ka dawo Badariya da ita a bayan babur.

Anti Hamida