Goron da Ka Ƙi Karɓa

Zuwa ga aminina Malam Isuhu, Allah ya kai haske makwancinka.

Bayan gaisuwa mai yawa. Yau Juma'a, bazara ta yi tsakiya. Gwiwoyina sun kumbura, tarin nan bai sake ni ba, ko masallaci ban iya zuwa ba. Ina zaune a zaure ina jiran baƙuwa, shi ne na ce bari in rubuta maka.

Akwatinka na ƙarfe yana nan ƙarƙashin gadona, da kaset-kaset ɗin da ka ba ni ajiya kafin ka cika. Muryoyin manoman Jiratawa ne a ciki, waɗanda wani mai hali ya karkatar da ruwan rabonsu zuwa lambunsa har albasarsu ta bushe a tsaye. Ka ɗauki maganarsu, ka ɗauki ta mai buɗe ruwan da ya amsa da bakinsa, sai ciwo ya kwantar da kai kafin duniya ta ji. Ka ce in miƙa su ga wanda ya cancanta. Damina huɗu ke nan ina nemansa.

Ka tuna yadda gidan rediyon nan naku ya tashi? Ba gwamnati, ba alhaji. Da kaka matan Tsibiri su kawo gero tiya-tiya. In wuta ta ɗauke, 'yan kabu-kabu su tsiyayo isansi, wato fetur, daga baburansu a zuba wa inji. Har wani tsoho ba'azne ya taɓa kawo zakara, wai don ya ji ka faɗi sunan ƙauyensu daidai.

Duk Maraɗi an san ka da rashin kunya guda: ba ka karɓar goron wanda ka je yi wa tambaya. Naka yana aljihu, nannaɗe cikin tsumma mai laima. In aka miƙo, sai ka fito da shi ka ce, "Na gode, ina da nawa." Tun muna lakwal, makarantar boko, na san taurin kanka, amma wannan na yi maka faɗa a kai, na ce ƙin goro zagi ne. Ka ce mini, "Bakin da ya tauna goron mutum ba ya iya tauna sunansa."

To, Isuhu, yanzu bakuna duk sun yi ja.

Gidan yana nan, an ma shafe shi da sabon fenti. Mai lambun nan ya saya musu inji babba, wuta ba ta ƙara yanke musu magana ba, sai dai babu maganar. Gaishe-gaishe ne da sanarwar biki da kirarin masu hali. Ban ɗora wa ma'aikatan laifin duka ba, ciki ba ya jiran gaskiya. Mu muka fara janye hannu. Ni kaina na daina aika gerona, na ce magani ya fi. Mun bar su da yunwa, muka koma gefe muna zagin wanda ya ciyar da su.

Akwai wata 'yar jarida a cikinsu, Hadiza. Rannan na ji ta maimaita wa wani babba tambaya sau uku, ta ƙi bari ya zille. Na ji kamar kai ne. Na aika mata, ta ce za ta zo yau bayan an sauko daga masallaci.

Kada ka yi mini dariya: na sa an sayo mini farin goro biyu. Zan miƙa mata. In ta ƙi, akwatin nata ne. In ta karɓa kuwa, wallahi ina jin zan ba ta duk da haka, don ba ni da wata daminar da zan jira. Na gaji, ɗan'uwana. Ba na so in zo in same ka da ajiyarka a hannuna.

Allah ya gafarta maka, ya sa ruwan da ka nema wa bayinsa ya zame maka sanyi a kabari. Ni kuma ya ba ni ikon sauke amana.

Naka har kullum,
Abdu, tsohon malamin lakwal, wanda ɗalibai ke kira Mushe da Faransanci.

Ƙari: La'asar ta wuce, ba ta zo ba. Na kunna rediyo, sai ga muryarta daga lambun mutumin, ana bikin cire albasa. Na goge goro ɗaya a magogi na ci, ɗaci gare shi. Ɗayan na sake jiƙa masa tsumma.