Tsokar Mahaifiyarmu a Cikin Kakin Kyandir

Yayana, Uda Syafrizal,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa a Bukittinggi. Yaya jikin mahaifiyarmu Amak? Ni lafiya lau nake a Singapur, ina cin abinci, wani lokaci har barci nake yi.

Tsokar da aka yanko daga ciwon dajin huhunta ta iso, a daskare cikin kakin kyandir. Da hannuna na sa ta a injin ɗakin bincikenmu mai karanta ƙwayoyin halitta, don a ga ko maganin haɗiya zai yi mata. Bai karanta komai ba. Ran jajibirin Sallah aka yanko ta, ma'aikatan asibitin duk suka tafi garuruwansu, ta kwana tara a ruwan adanawa har abin karantawar ya farfashe. Barkansu da Sallah.

Sai an sake yanka, kuma ka san jikinta ba zai ɗauka ba.

Jiya a waya Amak ta kira ni da sunana na gida, ta ce, "Upiak, ke da digiri har biyu? Ai kallo ɗaya za ki yi masa." Na ce mata muna bin layi, ba a zo kanmu ba tukuna.

Kada ka gaya mata, Uda. Ina tafe ran Laraba. Gara ta ji daga bakin mai digirin.

Ƙanwarka,
Yusnimar