Bayan Tashar Devrane

Pune, 17 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Mrunal,

Albarka mai yawa a gare ki. Ina fata kina lafiya, ke da Ninad da yara. Ni lafiya nake, in ban da gwiwa. Tun rasuwar mahaifiyarki ba ki taka gidan nan ba, kuma kunnena ba ya jin waya sosai, shi ya sa na koma takarda.

Taron shekara na ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo zai kasance ranar 18 ga Fabrairu. Bana sun fito da sabon tsari: wanda aikinsa ba ya ɗaukuwa zai nuna shi daga gida kai tsaye, a gani a babban allo a zauren taro. An ba ni minti ashirin. Shekara ashirin da shida ina gina tashar Devrane a tsohon ɗakinki, kuma wannan ne karo na farko da mutane za su gan ta.

Kin san ƙa'idata. Tashar tana nan yadda take ranar 9 ga Nuwamba 1981, da ƙarfe goma da minti arba'in na safe, ranar da mai hoton hukuma ya zo lokacin ina mataimakin shugaban tasha. Komai kashi ɗaya cikin tamanin da bakwai na girmansa. Abin da babu shi a hotunan nan goma sha huɗu ba ya hawa teburina.

Jiya kawunki D'Mello ya kawo kyamara kamar gidan ashana, muka ɗaura ta a kan tarago don gwaji. Jirgi ya bi layin da ke zagawa ta bayan tasha, gefen bango, wanda ban sake gani ba tun da na tura teburin ya haɗe da bango a 2003. Na san fili na bari a wurin. Abin da na gani a allo: igiyar shanya, awaki, famfo da mata a layi, wata yarinya da jar jaka. Na yumɓu ne da tsinken ashana, babu wanda ya dace da ma'auni. Akuya ɗaya ta kusa kai tsayin taga.

D'Mello ya rantse ba shi ba ne, kuma da tumbinsa na yarda, ba zai iya kaiwa wurin ba. Idan yaranki ne suka yi a wani hutu, ba na fushi, amma ya kamata su san aikin mutum ba abin wasa ba ne. Ranar Lahadi zan kwashe su da dogon awartaki, kafin Dakta Paranjpe, mai neman kuskure na ƙungiyarmu, ya gani a allo ya yi shekara yana ba da labari.

Ki gaida Ninad.
Babanki,
Sadashiv Karandikar


Nagpur, 23 ga Janairu

Baba,

Ina taɓa ƙafafunka don girmamawa. Wasiƙarka ta iso yau Talata. Na buga maka waya sau tara, na san ka cire abin jinka ka sa a aljihu. Idan ba ka taɓa su ba, don Allah kada ka taɓa.

Ba yarana ba ne. Aai ce, mahaifiyata.

Kai ka sa ta share ƙura duk Alhamis, tunda ita kaɗai ke iya rarrafawa ƙarƙashin tebur ta ɗaga gilashin da ka yi tafki da shi a bayan tasha ta fito ta ramin. Shekara goma sha tara tana shiga ramin nan. Ka zaci ƙura kaɗai take yi?

Abin da ka gani gidanmu ne, Baba. Kwatas lamba uku. Famfon da ruwa ke zuwa da ƙarfe goma, a yi ta faɗa a kai. Awakin matar mai juya layin dogo, masu cin shanyarmu. Yarinya mai jar jaka ni ce. An koro ni daga makaranta ranar saboda zazzaɓi, na zo bakin dandalin tasha ina nemanka, ka aiko a ce in koma gida, mai hoto yana aiki. Mai hoton bai zagaya baya ba, shi ke nan sai ya zama ba mu nan.

A kicin take yin su, bayan ka fita, ta busar da su a bayan gwangwanin shinkafa. Na taɓa ce mata, "Aai, idan Baba ya gani fa?" Ta ce, "Babanki? Sai dai in ya sa ido a sanda." Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki.

Ka rubuto mini yau ɗin nan.

'Yarka,
Mrunal


Pune, 27 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Mrunal,

Albarka a gare ki. Na karanta wasiƙarki. Zan faɗa miki abin da ya faru yadda ya faru.

Na kwashe su ranar Lahadi, kamar yadda na ce. Na hau tsani, D'Mello yana riƙe da madubi. Guda talatin da ɗaya ne, na ƙirga. Mahaifiyarki ta manna su da gam mai ƙarfi, kuma yumɓun da ba a gasa ba ba ya jure awartaki. Ashirin sun farfashe. Na share su cikin kwandon shara, mai shara ta tafi da shi ranar Litinin. Goma sha ɗaya suna cikin gwangwanin biskit, don D'Mello ya ce zai kai wa jikarsa. Na karɓo su. Akuya uku, famfo, kare, tukwane biyu, keke, turken shanya biyu, da mace ɗaya mai koren sari. Yarinya mai jar jaka ba ta cikinsu. Gwajin da muka yi ba mu naɗa ba.

Na tuna wani abu. Shekarar da na gama rufin tasha, mahaifiyarki ta kawo mini shayi, ta tsaya tana kallo, ta ce, "To, Shugaban Tasha, mu ina ka ajiye mu?" Na ce, "Sulabha, babu ku a hoto." Ta ce, "Ashe." Ta ɗauki kofin jiya ta fita. Na ɗauka amsa mai kyau na ba ta. Har na maimaita wa D'Mello, muka yi dariya.

Mace mai koren sari ita ce, ko? Tana da irinsa a Devrane. Na ajiye ta a kan teburin cin abinci.

Ina roƙonki abu ɗaya. Ki zo kafin ranar 18 ki shiga ramin ki mayar da waɗanda suka saura, ke kika san inda kowanne yake. Zan nuna su a taro in faɗi sunan wadda ta yi, Paranjpe ya faɗi abin da zai faɗa.

Babanki


Nagpur, 2 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaisuwa. Ba zan zo ba.

Shekarata arba'in da tara, ramin nan ba zai ɗauke ni ba. Kuma ko zai ɗauke ni, me zan mayar? Akuya uku da famfo babu masu ɗiban ruwa?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ko yanzu ma taron kake tunani. Tana raye ba ka leƙa ba, yanzu kana so ka haska ta a allo tsofaffi ɗari su tafa maka, su ce Karandikar mai son matarsa. Ba don su ta yi ba. Ka bar gwangwanin a rufe. Ka nuna musu jiragenka, su ne naka.

Ka sha maganin gwiwarka.

Mrunal


Pune, 19 ga Fabrairu

Mrunal, Munu 'yar gidana,

Gaisuwa da yawa daga ni da innarki Philomena. Tsohon nan bai san na rubuto ba, idan ya ji zai hana ni taɓa makunnin layi wata shida. Ni ma da hannuna a ciki, ni na riƙe madubi, don haka ki haɗa da ni a fushin.

Jiya aka yi taro. Ni ina ɗaki tare da shi ina kula da kyamara, muna jin zaure ta lasifika. Kafin mu, wani yaro injiniya daga Chennai ya nuna nasa, mai hayaƙi da ƙara da fitilu kamar gidan biki. Sai aka ce saura Karandikar. Ya sa rigarsa ta aiki, wadda maɓallanta suka daina haɗuwa tun zamanin da nake da gashi.

Gwangwanin bai buɗe ba, kamar yadda kika ce. Yana saman kabad.

Minti biyar na farko lafiya lau. Dandali, agogo, gadar ƙafa, tankin ruwa. Muna jin Paranjpe yana cewa, "Tsaya, tsaya, kusoshi nawa ne a jikin tankin?" Babanki ya ce arba'in da takwas. Paranjpe ya ce daidai. Kin san shekara talatin ba a ji wannan kalma daga bakinsa ba.

Sai jirgi ya zaga baya, ya tsayar da shi cak. Na ce masa a hankali, "Sada, wuce mana, babu komai a nan." Ya ce, "Riƙe bakinka, Cyril." A allo babu abin da ake gani sai ƙasa da tabon gam, fari-fari, talatin da ɗaya.

Ya ce musu, "Wannan ne sashen da na lalata." Daga nan ya dinga matsar da jirgi inci ɗaya-ɗaya, yana faɗin abin da ke kan kowane tabo. Nan famfo. Nan matar mai juya layi da tulunta. Nan yarinya da aka koro daga makaranta da zazzaɓi, babanta ya ce ta koma gida. Bai kira sunanki ba, bai kira na Sulabha ba. Matata kawai ya ce. Bai tsallake ko ɗaya ba, kin san kansa da lissafi.

Mai kula da lokaci ya kaɗa ƙararrawa, ya sake kaɗawa. Paranjpe ya ce, "Karandikar, waɗannan abubuwa akwai su a hoto?" Ya ce, "Babu. Akwai wadda ta gani, ban tambaye ta ba." Wani daga baya ya ce, "To a nuna mana injin mana!" Ba a nuna ba. Injin, wato sabon taragon da ya shekara huɗu yana ƙerawa, wanda dominsa ya nemi minti ashirin ɗin, bai fito daga rumfa ba. Aka yanke mu, aka koma wani mutum a Kolkata. Babu wanda ya tafa. Kofin bana yaron Chennai ya ɗauka.

Na ce ya zo gidanmu ya ci kifi, ya ce ba ya jin yunwa. Na bar shi zaune a teburin cin abinci da macen nan mai koren sari a gabansa. Ita kaɗai ce bai mayar cikin gwangwani ba. Yana ce mata Sulabha.

Ba cewa nake ki yafe ba. Na dai ga ya kamata ki sani.

Kawunki mai tumbi,
Cyril D'Mello


Nagpur, 24 ga Fabrairu

Baba,

Ina taɓa ƙafafunka. Kawu D'Mello ya rubuto mini. Kada ka hana shi makunni.

Mai koren sari ba Aai ba ce. Maƙwabciyarmu ce ta lamba huɗu, wadda ta ari sarin ba ta dawo da shi ba. Aai ba ta yi kanta ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Nawa kam babanki ne zai yi, shi ya san ma'auni."

Tsayin Aai ƙafa huɗu da inci goma sha ɗaya ne, idan ba ka sani ba.

Maganar zuwa ban yanke ba tukuna.

'Yarka,
Mrunal