Na Sa Muryar Kawuna Ta Yi Ƙarya a Wasan Waya

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin ma ban hana ba, na riga ku yi wa kaina.

Ni malamin makaranta ne a Yelwa. Tun ina ɗalibi nake da wata cuta, wato haɗa ƙananan wasannin waya a kan tsohuwar kwamfutata. Ba sana'a ba ce, ba wanda ya sa ni, sha'awa ce kawai. Wanda na fi ji da shi wasan tuƙin jirgin ruwa ne. Za ka ɗauko fasinja ranar kasuwar Wara, ka ƙetare da su ba tare da ka daki kututture ba. Wanda ba ɗan yankinmu ba bai san wannan ba: tun da aka yi dam, wato madatsa, ruwa ya ci tsofaffin garuruwa, itatuwansu suna nan tsaye a ƙarƙashi, ba a ganinsu sai sun fasa jirgi. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya tsufa yana tuƙi a ruwan nan, ya san kowane icce kamar shi ya shuka shi. Na zaunar da shi a inuwar jirginsa na ɗauki muryarsa yana faɗin hanya, na sa ta cikin wasan. Har dariya ya yi mini, ya ce, "Kai ɗan boko, ruwa za ka sawa cikin waya? To, kak ka canza mini komi, gulbi ba shi son ƙarya." Na ce ba zan canza ba.

Na canza. Akwai wata tsamiya da ta nutse kusa da wani dutse, inda Kawu ya ce, "In ka hangi dutse, riƙe hagu." Da na zana wurin sai na ga babban yatsan mai wasa yana rufe hanyar hagu a fuskar waya, wasan ba ya daɗi. Me na yi? Na ɗauke tsamiyar na mayar da ita hagu, na buɗe hanya ta dama, sannan na yanko kalmar "dama" daga wani wuri a maganar Kawu na liƙa. Aikin bai kai minti goma ba, har ina yaba wa kaina yadda ba a jin tabon yankan. Wa zai ɗauki wasa da gaske? Amma ni ɗin nan ne kuma na riƙa cika baki a majalisa cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne, hanyar Kawu ce sak.

Kawu ya rasu bayan shekara guda. Babban ɗansa Sule, taubashina, tela ne a Kontagora, bai taɓa zama ya koyi ruwa ba. Ya rufe shago ya dawo ya karɓi jirgin don ya riƙe gida. Tsofaffin matuƙa sun raka shi na ɗan lokaci, daga baya ya fara fita shi kaɗai. Kullum wayarsa na hannu yana buga wasan nan don ya ji muryar babansa. Wata rana a bakin ruwa ya dafa ni yana tsokana, ya ce, "Taubashi, ashe kana da amfani! Abin da Baba bai koya mini ba, wasanka ya koya mini." Wallahi a lokacin na tuna da tsamiyar. Maganar ta zo mini har baki. Sai na ji kunyar a ce na taɓa muryar mamaci, na yi dariya na ce ai na gaya maka.

Da ruwa ya fara ja, jirgin Sule ya daki icce daidai dutsen nan. An ceto fasinjojin duka, don akwai masunta kusa. Shi ne bai fito ba, sai bayan kwana biyu aka samu gawarsa. A wurin zaman makoki wata mata da ke cikin jirgin ta ce ta ji shi yana faɗa wa kansa, "Riƙe dama," kafin a ji ƙarar. Mutane suka ce ruɗewa ya yi, rana ce ta zo. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma wa ya sa masa kalmar nan a baki?

Tun daga ranar ban sake haɗa wasa ba. Ko a aji nake, ina rubutu a allo, sai in ji muryar Kawu tana cewa dama, kuma yanzu ina jin tabon yankan sarai. Na gyara wasan a kwamfutata, amma me gyaran zai yi? Tsohon wasan ya bazu waya zuwa waya har Shanga, ba ni da hanyar kiransa ya dawo. Inna, matar Kawu, tana sa a kunna mata shi don ta ji mijinta. Duk zuwana sai ta ce, "Allah shi yi maka albarka, kai ka bar muna shi da rai." Ni kuma in ce amin, kaina a ƙasa.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne Bala, ƙanin Sule. An gyara jirgin, shi zai karɓa. Jiya ya zo makaranta ya same ni, ya nuna mini wayarsa, tsohon wasan ne a ciki. Ya ce, "Yaya, na kusa hardace shi. Ran kasuwa mai zuwa ni ka tuƙi."

In na ba shi gyararren a ɓoye, zai ji babansa ya canza magana, zai tambaye ni dalili. In na faɗi dalilin, Inna za ta san wanda take sa wa albarka. In na yi shiru, tsamiyar tana nan inda take, hannun dama. Saura kwana huɗu kasuwa. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?