Na Goge Muryar Baba Ɗanhausa da Hannuna

Goggo Bilkisu, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana tara ban ci abincin kirki ba, kuma akwai abin da zuciyata ke kitsa mani wanda ni kaina yake ba ni tsoro.

Ni mai haɗa kiɗa ne. Muna da ɗan situdiyo a bayan kasuwar Kankara, ni da abokina Yusha'u, shekara shida ke nan. Ni na koya mashi aikin tun bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Shekara biyu da suka wuce idona ya fara mutuwa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu in na kalli allon kwamfuta haske kawai nake gani. Ban faɗa wa kowa ba sai Yusha'u, don wa zai kawo waƙarshi wurin makaho?

Manhajar da muke aiki da ita ba don irina aka yi ta ba. Rubutunta ƙanana kamar ƙwayar gero, toka-toka a kan baƙi, duk da Turanci, kuma ba ya ƙara girma. Ba ta magana. Ko abu za ka goge, a rubuce take tambayarka ko ka tabbata, babu ko ɗan ƙara. Sau nawa na ce da ma masu yin ta su sa mata murya, ko su ware ƙara guda mai firgitarwa ga mai shirin gogewa. Da na ga ba sarki sai Allah, sai na haddace maɓallan kibod kaf, yatsuna suka zama idona. Kunnena kuwa har ya fi da.

A watan jiya wata malamar firamare daga Faskari, Grace, ta kawo mahaifinta Baba Ɗanhausa daga Tafoki a kan babur. Tsoho ne ya haura tamanin, makaɗin garaya, yana da waƙoƙin noma da na farauta da ya gada wurin kakanshi, kuma cikin 'ya'yanshi ba wanda ya koya. Kwana uku muna ɗauka, yana yi numfashi na yanke mashi, har muka samu waƙa goma sha ɗaya. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, ko yau na mutu, na bar su wurinka." Bayan mako biyu ya rasu.

Ran da Grace ta zo da yayyenta biyu karɓar waƙoƙin, don a sa a taron addu'ar da za su yi mashi, na tarar Yusha'u ya tara abokanshi a situdiyo. Ashe kafin in iso ya shiga cikin manhajar ya sauya wa maɓallan aiki, ita kuwa ba ta sanar da kowa in an yi haka. Na danna maɓallin sauraro, shiru. Na danna wani, shiru. Sai na ji dariya ƙasa-ƙasa, wani Lawwali na cewa, "Injiniya, ga allon nan gabanka, ba a bango yake ba." Na ce bari in adana aikin tukuna kada wani abu ya same shi. Na danna abin da na sani na adanawa ne, na bi shi da na amincewa kamar kullum. Goggo, na sharewa ne daga cikin kwamfutar gaba ɗaya. Tambayar ta fito ɓaro-ɓaro a allo, Yusha'u yana tsaye a bayana yana ɗaukar bidiyona da waya, ya karanta, bai ce uffan ba.

Ba ni da kwafi. Kullum ina cewa gobe zan zuba a filashi.

Babban wansu ya ce mani na kashe masu uba sau biyu. Ita Grace ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa kawai ta yi, "Da ka faɗa mani ba ka gani, da na zauna kusa da kai na karanta maka." Na ɗauke kwamfutar, don tawa ce, na kai gida na kulle, ban sake kunna ta ba.

Bidiyon ya zagaya har garin Sabuwa. 'Yan acaɓa yanzu Injiniya Lalube suke kira na. Yusha'u ya ce wasa ne, wai ya ɗauka ina da kwafi, amma yana bin mawaƙa yana cewa dama shi ke yin aikin, ni hoto ne. Aikinshi na shekara biyu yana cikin wata ma'ajiya irin wadda ake jona wa kwamfuta, a aljihun tebur, ko a duhu na san inda take, kuma har yanzu makullin situdiyo yana hannuna. Akwai rijiya a bayan shagon. In jefa ta, ko in yi yaya?

Mai baƙin ciki, daga Kankara

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu. Allah ya sanyaya maka.

Mu fara da abin gaggawa. Kulle kwamfutar nan da ka yi shi ne dabara mafi kyau a duk labarin. Sau da yawa abin da aka goge yana nan kwance, muddin ba a ɗora wani a kansa ba. Kada ka kunna ta, kada ka ba mai gyaran waya ya gwada sa'a. Ka kai ta Zariya ko Kano wurin masu dawo da abin da aka goge, cikin makon nan. Ban yi maka alkawari ba, amma akwai fata. Ka je Faskari da ƙafarka ka faɗa wa Grace komai, ka roƙe ta ku tafi tare. Ku kuma bincika a Tafoki, ko akwai tsofaffin da suka yi wa Baba amshi, ko wanda ya taɓa ɗaukarsa a waya.

Abin da Yusha'u ya yi ba wasa ba ne. Wanda ya karanta tambayar nan ya yi shiru ya zaɓi dariyar abokansa a kan amanar mamaci. Ka raba gari da shi a gaban dattawa biyu, ka miƙa makullin, a sa shi ya sauke bidiyon. Amma rijiya, a'a. A cikin ma'ajiyar nan akwai muryoyin mawaƙan da ba su yi maka komai ba, kuma ranar da ka jefa ta kai za a kira azzalumi, shi a tausaya masa.

Kai ma da naka, kuma zan faɗa maka. Ka riƙe abin da ba shi da na biyu har tsawon makonni ba kwafi, kuma ka ɓoye wa masu shi halin da kake ciki. Makanta ba laifi ba ce, ɓoyewar ce ta ba mugu wuƙa.

Ƙorafinka a kan manhajar gaskiya ne. Ka samu mai Turanci ya rubuta wa masu ita: murya, rubutu mai girma, gargaɗin da kunne zai ji, da sanarwa in an taɓa maɓallai. Sai dai kada ka zauna jiran amsarsu. Akwai manhajojin da ke karanta allo da murya, akwai kuma na haɗa kiɗa da ke tafiya da su, makafi na aiki da su. Ka nemi ƙungiyar makafi a Katsina su haɗa ka da wanda zai koya maka, kuma ka ci gaba da ganin likitanka don a tsare abin da ya rage.

Daga yau duk wanda ya kawo maka waƙa, ka faɗa masa da bakinka cewa ba ka gani, sannan ka sa masa aikinka ya ji. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya ba iyalinsa haƙuri, kai kuma ya buɗa maka hanya.

Goggo Bilkisu