Ruwan banki a kuɗin likkafani

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Adiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwa, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, na zo da maganar da ta hana ni cin abinci kwana uku.

Kin tuna kuɗin likkafani, wanda ke da matan layinmu na Alabar kuke tarawa duk Juma'a saboda baƙon da ya rasu ba shi da kowa. Shekara da shekaru yana cikin gwangwanin madara a ƙasan akwatinki. Ni 'yar boko, ni na ishe ki da zancen ɓarayi da gobara har kika miƙo min shi. Sharaɗi ɗaya kika kafa: "Rabi, ko ƙwandalar pesewa ɗaya ta kuɗin ruwa kada ya taɓa kayan gawa."

Na ce to. Na je banki na nemi asusun da ake cirar kuɗi da cek, don mai sayar mana da farin yadi ya fi son cek. Wata mai murmushi ta nuna min wurin sa hannu, na sa. Ban karanta ba, Mma.

Ranar Litinin na karɓo takardar bayanin asusun, na zauna na bi ta layi-layi. Ashe kullum suna duba abin da ya kwana a ciki, ƙarshen wata su ɗora ruwa a kai. Ruwan ma ya cakuɗe da uwar kuɗin, wata mai zuwa shi ma ya haihu. Watan da gawa ta yi yawa, kuɗin ya sauka ƙasa da iyakar da suka yanka, sai su ci mu tara. Wato mutuwar baƙi ma akwai mai ci a cikinta. Tir! Duk ruwan shekara huɗu bai kai kuɗin yadi biyar ba. A kan wannan ƙazantar na karya miki alkawari.

Malam Sani, limamin masallacinmu, ya ce in ware ruwan in zubar a aikin jama'a, ban da sa ran lada. Na biya aka yashe kwatar bayan masallaci. Can ya dace da shi. Na rufe asusun, gwangwaninki ya koma akwati.

Amma akwai abin da ba ya waruwa, Mma. Kin bar wasiyya a sa ki a yadin baƙi, kika ce ba ki fi su ba. Daga asusun nan ni na rubuta cek ɗin da hannuna, ni na ɗinka, ni na naɗe ki.

Allah Ya sani ba ki sani ba. Ya Allah, Ka ɗora laifin a kan wadda ta sa hannu, Ka bar uwata da farinta. Ki yafe min, Mma.

Ɗiyarki da ba ta karanta ba,
Rabi