Lamba Ashirin Ita Ce Ƙarama

Litinin, 19 ga Agusta, 2024

Yau an ba ni aiki na gaske. Ba gyaran wuyan riga ba, ba ɗinkin zanen yara ba. Aikin maza.

Masara ta fara bunƙasa, gyaɗa ta ɗora, ga birai da aladun daji sun fara ɓarna a gonakin bayan Giwa Tazo. Maharban garinmu za su fara gadi kamar kowace damina. Baffa Ummaru, wanda shi ne Sarkin Bakansu, ya ce suna son ɗamarar harsashi sabuwa, ta bara ta ruɓe. Kaka Labbo ya ce ba sai an kai Jega ba, ga amaryarsa a gida tana taka keke wajen Gwaggo Aliya. Ni ce amaryar. Tun ina rarrafe yake kirana haka.

Na shige bayan Inna. Amma cikina sai daɗi.

Laraba, 21 ga Agusta

Baba ya dawo daga Aliero da guntun tamfol na motar albasarsu. Kore ne, mai kauri. Warin albasa har ɗakinmu. Gwaggo ta ce allura biyu zan karya kafin in gama.

Ɗaya na karya yau.

Alhamis, 22 ga Agusta

Akwai rigima ashe. Na ji ta ta bayan danga ina tankaɗe.

Baffa yana son duk masu gadi su riƙe bindiga iri ɗaya, mai cin harsashi lamba sha biyu. Ya ce ita ce ake samu kullum a shagon mai izinin sayarwa a Jega, kuma in na wani ya ƙare a daji ɗan'uwansa zai miƙa masa nasa. Wanda ba shi da ita ya riƙe ta toka, wadda ake ɗura wa alburushi ta baki, tunda ita ba ruwanta da shago. Iri biyu ke nan, shi ke nan. Masu lamba sha shida su biyu sun yarda za su sake. Saura Kaka. Tasa lamba ashirin ce, shi kaɗai a garin.

Baffa ba ya iya cewa ubansa a'a kai tsaye. Sai kewaye-kewaye yake yi. "Baba, ai harsashinta wuya yake yi." Kaka kuma ba ya kama sunan Baffa don ɗan farinsa ne. Sai ya juya wajen Haidar, ƙaramin cikinsu, ya ce, "Hwaɗa ma wancan, wagga bindiga ta girme shi." Alhali ga wancan ɗin zaune kusa da shi, gwiwa na taɓa gwiwa.

Na yi dariya har gari ya shiga mini hanci.

Amma sauran sun ce in Kaka bai sake ba, bana ba da shi ba. Shi da bai taɓa fashin gadi ba tun kafin a haifi Baba.

Lahadi, 25 ga Agusta

Baffa ya leƙo ɗakin ɗinki. Ya ce in yi na lamba sha biyu da yawa, in yi ɗaya ta lamba ashirin saboda tsoho, kada ransa ya ɓaci kafin a gama magana. Ya ce, "Kin gane ko, Mubina?"

Na ɗaga kai. Ban gane ba.

Ban taɓa riƙe harsashi ba. Ba a barin mata su taɓa kayan harbi, wai sa'a na gudu. Na so in ce ya ba ni kwanson harsashi ɗaya in gwada, bakina ya ƙi buɗewa. Yana fita maganar ta zo, ta zo wa bango.

Gwaggo ma ba ta sani ba. Ta ce, "Ke kika yi firamare, ba ni ba."

Talata, 27 ga Agusta

Na warware shi da kaina. Ashirin ta fi sha biyu, wannan ko ɗan aji biyu ya sani. Takalmi ma haka ne, mai babbar lamba shi ne babba. To na Kaka ne babba ke nan. Dole ma, shi ne babba a gari.

Na samo guntun rake mai kauri na naɗa tamfol a kai, na yi wa Kaka ramuka manya. Na sauran kuma na gwada da karan dawa. Ta Kaka na yi mata layi biyu da jan zare, na ƙara ɗan ado a baki. Ta yi kyau ƙwarai. Na ɗaura a ƙuguna na duba madubi, Inna ta shigo ta ce, "To, Sarkin Baka, a sauka lafiya."

Juma'a, 30 ga Agusta

Na gama. Yatsuna duk huda. Gobe da safe za su zo ƙofar gida su karɓa.

Kaka ya sayo mini ƙosai ya ce sadaki ne. Na cinye.

Asabar, 31 ga Agusta

Wayyo Allah.

Ban san ta inda zan fara ba. Sun zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ni ina leƙe ta ramin danga. Kowa ya ɗauki tasa yana juyawa, ana sa albarka. Haidar ya fito da harsashinsa ja, mai kauri, ya kai bakin rami. Ya ƙi shiga. Ya tura, ya murɗa, ya sa haƙori yana buɗa tamfol. Ko kai bai shiga ba.

Kaka kuma ya miƙe ya ɗaura tasa yana taƙama, ya ce, "Ku dubi aikin amaryata." Ya jera nasa 'yan sirara masu ruwan ɗorawa. Yana yin taku ɗaya suka zube ta ƙasa gaba ɗaya, fat fat fat, kamar akuya na kashi.

Dariyar da aka yi! Wani tsoho ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki. Haidar ya ce, "Kaka, amaryarka ta ɗauka igwa kake riƙewa." Kaka da kansa har hawaye. Ya ɗaga murya ya ce, "Mubina, mi kika auna da shi, taɓarya?"

Ashe a wajen bindiga lissafi a juye yake. Ƙaramar lamba ita ce mai faɗin baki. Ashirin ita ce siririya. Wa ya tsara haka don Allah? Kuma me ya sa ba a faɗa mana a makaranta ba?

Na durƙusa a bayan danga, na so ƙasa ta buɗe.

Sai dariya ta tsaya. Na sake leƙawa. An tsince harsasan da suka zube, sun gauraya da na wasu a kan tabarma, kowa ya kwashi nasa. Kaka ya ce nasa ɗaya bai cika ba. Aka duba ƙarƙashin tabarma, babu. Baffa ya ce kowa ya zazzage aljihu. A aljihun Haidar aka same shi, cikin jajayen nasa. Bai ma san ya ɗauka ba.

Baffa ya riƙe shi a tafin hannu, bai dubi Kaka ba, ƙasa yake kallo. Ya ce in ɗan ƙaramin nan ya shiga babbar bindiga ba ya tsayawa inda ya kamata, zurmawa yake yi ciki ya maƙale. Mutum ya ɗauka babu kome, ya sa wani a kai. Daga nan bindiga a hannunsa za ta fashe. Ya ce, "Nan muna zaune ne, da hasken rana, ba mai korar mu. Ina ga ana gudu cikin masara?"

Haidar yana ta kallon hannunsa na dama.

Kaka ya karɓi harsashinsa, ya kwance ɗamarar ya naɗe, ya shiga gida. Ya wuce ni bai ce amarya ba.

Lahadi, 1 ga Satumba

Bai fito cin tuwo da mu ba. Ni na ja masa. Ya yabe ni gaban mutane na kunyata shi, kuma yanzu ba shi da bakin kare bindigarsa.

Inna ta ce in kai masa kunu. Na ajiye a bakin ƙofa na gudo.

Talata, 3 ga Satumba

Alhamdu lillahi!

Da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da wata doguwar bindiga a cinya, duk tsatsa, yana goge ta da man gyaɗa. Ta toka ce, ta mahaifinsa, tana rataye a rumbu shekara da shekaru. Ita lamba ashirin ɗin na gan ta a naɗe cikin tsumma a saman gado.

Ya ce sha biyu tana dukan kafaɗa, shi kuma kafaɗarsa ta tsufa. Wannan kuwa shi ke auna mata abincinta, ya san iya abin da za ta ci. "Da ita na hwara, da ita ni ka ƙarewa." Ya ce ba don wancan ya faɗa ba ne, don hannun yaron nan Haidar ne, bai ko yi aure ba.

Na ce, "Kaka, ka yi haƙuri." Da ƙyar ta fito.

Ya ce haƙurin me? Shi mako biyu ana yi masa wa'azi bai ji ba, sai da ɗamarata ta yi masa kashin akuya gaban jama'a. Ya ce yanzu jaka yake so ta alburushi, mai murfi, kada ruwa ya shiga. "Kuma wanga karon ki tambaya, amarya. Tambaya ba ta cizo."

Ya miƙo mini kwanson sha biyu wanda aka riga aka harba, don in gyara na sauran. Na ce ai mata ba sa taɓawa. Ya ce wanda ba kome cikinsa ba ya da sa'ar da za ta gudu.

Yana da warin ashana. Na sa shi a gefen zane.

Juma'a, 6 ga Satumba

Farke ɗinki ya fi yin sa wuya. Gwaggo tana taya ni tana tsokana, wai in auna da turmi wannan karon.

Babbar ɗamarar nan ta Kaka kuwa ya hana a farke. Ya rataye ta a zaure yana cusa goro a ramukan. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ba shi labari daga farko.

Talata, 10 ga Satumba

Sun tafi da safen nan. Na tsaya a ƙofar gida, ba bayan danga ba, don dai in ga ko jakar ta zauna daidai. Ta zauna. Kaka ne a gaba da doguwar bindigarsa, tana neman ta fi shi tsawo, Baffa na binsa a baya.

Kafin su tashi Haidar ya ɗaura tasa a juye, bakin ramuka na kallon ƙasa. Wata murya ta ce, "Haidar, juya ta, za ka yi irin ta Kaka!" Duk suka waiwayo. Baffa ya yi murmushi, Kaka ya ce, "Kun ji ta ko?"

Inna ta ce har cikin gida ta ji. Ina jin dai iska ce ta kai mata, ni ban ɗaga murya sosai ba.

Baffa ya ce maharban wani ƙauye can wajen Maiyama sun tambayi wa ya yi ɗinkin. In sun zo, sai sun kawo kwanso tukuna. Ni zan faɗa musu.